Ɗana ya ba wani kekensa, ni kuma na yi masa baƙar magana

Anti, don Allah ki taimake ni. Yaran gida lafiya lau, maigida ne gwiwarsa ta matsa masa, ni kuwa abinci ba ya wuce mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koyi karatu.

Autana tseren keke ne sana'arsa. Yanzu haka suna wata gasa ta sati uku, kullum gari zuwa gari. Kowace yamma yayarsa takan buɗe mini jerin sakamakon tseren a waya, in bi da yatsa tun daga sama, sai can wajen na ɗari da talatin nake samunsa. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba.

Ran kwana na shida maƙwabta suka cika mini ɗaki muna kallon tseren a talabijin. Tayar wani ɗan ƙungiyarsu ta fashe a hawan dutse. Sai ga ɗana ya sauka, ya miƙa masa kekensa, har da tura shi, shi kuma ya tsaya bakin titi riƙe da lalataccen. Matar tela ta ce ashe bakaniken keke na haifa, ɗaki ya ɗauki dariya. Kunya ta rufe ni. Na karɓi wayar na rubuta masa cewa ban haife shi don ya yi wa wani bauta ba. Anti, saƙon farko ke nan da na taɓa rubuta masa da hannuna.

Ya karanta, bai amsa ba. Da kullum sai ya turo mini hoton abincinsa, yau kwana takwas shiru. Litinin ce ranar hutunsu, ranar kaɗai yake samun sukunin hira a waya. Ki ba ni amsa kafin nan.

Uwar mai keke

Mama, sannu da damuwa. Abin da kika gani ba bauta ba ce, aikinsa ne. A irin wannan gasa ƙungiya kan ware mutum ɗaya ya nemi nasara, sauran su tare masa iska, su kawo masa ruwa, in ta kama su ba shi kekensu. Ba kowa ake amince wa da wannan matsayi ba. Inda kike jin kunya, abokan aikinsa jinjina masa suka yi.

Ban ga laifin zuciyarki ba, uwa ba ta jure a yi wa ɗanta dariya. Amma maganar ta yi zafi, kuma ta same shi a gajiye. Shi ma shirun ya yi yawa, sai dai wataƙila gudu yake kada ya faɗa miki abin da zai yi nadama.

Ran Litinin ki kira shi, ya ji muryarki. Kada ki sa matar tela a zancen. Ki ce kin yi kuskure, sannan ki roƙe shi ya koya miki aikinsa, ki saurara har ya gama. In bai ɗauka ba, ki sake kira, girmanki ba zai zube ba.

Allah ya ba maigida lafiya, ya kai autanki ƙarshen gasar nan da ƙafafunsa.