Fuskar Tamir a Tsohuwar Kwamfuta

Damanhur, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Midhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Hala da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin Milano. Mu nan da sauƙi, Inna Fauziyya ta warke daga ciwon ƙafar har ta koma faɗa da mai kawo burodi. Baba ne dai hankalina bai kwanta da shi ba.

Ka san tun rasuwar Tamir, da mantuwar nan ta kama Baba, abu ɗaya ke zaunar da shi. Bayan la'asar sai in kunna tsohuwar kwamfutar Tamir, in sa wasan ƙwallo ya buga kansa, Baba ya riƙe shayinsa yana kallon ɗan wasan da Tamir ya ƙirƙira ya sa masa sunansa. Da yake na'urar ba ta da ƙarfi, Tamir ya rage komai don wasan ya tafi. Ya cire 'yan kallo da inuwa, fili ya koma kamar koriyar darduma, fuskoki duk dishi-dishi. A cikin dishin nan Baba yake ganin ɗansa.

Sabuwar kwamfutar da ka aiko ta iso, Allah Ya saka da alheri, kada ka ji haushina. Ramzi mai gyara ya kwafe wasan a kanta, har yana tsokanata wai yanzu Baba zai ga gumin ɗan wasa, mu kai waccan gyatumar gidan tarihi tunda ta girmi aurensa. Hoto ya fito tar. Baba ya matso, ya ƙura ido, ya ce wane ne wannan ƙaton mai sanye da rigar yaronsa, ina muka kai masa Tamir. Ramzi ya rage hoton iya ragewa, amma ko mafi munin hoton sabuwar ya yi kyau da yawa. Tun ranar Baba ya rage cin abinci, ko wakensa na safe sai na yi ta lallashi.

Mun koma kan tsohuwar, ita kuma tana ta shure-shure. Na cire murfin gefenta na saita mata fankar ɗakina, ni nake kwana cikin zufa, duk da haka ta ɗan yi aiki sai ta ɗauke. Ramzi ya ce katin hotonta ne ke mutuwa, ya bincika har Iskandariyya bai samu irinsa ba. Don Allah ka zaga kasuwar 'yan gwangwan ta wajenku, na turo maka hoton katin a waya. Kada ka sayo wanda ya fi shi kyau, na san halinka. Tsoho nake so, irinsa sak. Ina tsoron ranar da zan danna ta ƙi tashi, ban san me zan ce masa ba.

Jiya ta sake ɗaukewa a daidai lokacin da Tamir ke tsaka da gudu da ƙwallo. Baba ya jima yana kallon baƙin gilashin, sannan ya ce in bar fankar a kunne, yaron ya gaji ne, zafi ya yi masa yawa.

Ka gaishe min da Anti Hala, da Basma da ƙaramin Wa'il. Inna Fauziyya na gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka yaushe za ka zo kallon wasan ƙaninka.

Taka ƙanwa,
Sausan