Ludayin Malam Dabo

Daura,
3 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga ƙanena Sada,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hasana da yara. Bayan haka, ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Yau kwana tara Baba bai sa komai a cikinsa ba. Tun ranar da ya faɗi a zaure yana ba ɗalibai karatu, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana gane kowa. Amma in na dama fura na sa masa ludayi a hannun da ya rage masa, sai ya sake shi ya juya fuska bango. In na ce bari in ba shi a baki, ya datse haƙora. Ɗalibansa kuwa suna tsaye cirko-cirko a kansa tun safe, sai ka ce masu jiran rabo. Ni da nake shugabar nas-nas a asibitin nan, nake daka wa ƙatti tsawa su haɗiye magani, na kasa da mahaifina. Ƙarin ruwa kaɗai ke riƙe da shi, jijiyoyin ma sun fara ɓuya.

Ku kuma kuna can ma'aikatar lafiya a Kaduna kuna ta jibgo mana kaya. Ga gadaje masu taya, ga wata na'ura tana kwance cikin akwati wata huɗu ba wanda ya san kanta. Yanzu kuma na ga takarda da sa hannunka, wai za a ɗauki masanin halayyar ɗan Adam don ɗakin masu shanyewar jiki, kuma ina cikin masu yin intabiyu ranar Litinin. To madalla. In akwai wanda ya karanta abin da ke hana tsoho cin abinci, ka turo mini shi ko daga ina ya fito. Na kasa zaune na kasa tsaye. Tsoro nake ji, Sada, kuma ban saba da shi ba.

Ki huta lafiya nake ce wa Hasana. Kai kuwa ka zo.

Yayarka,
Maijidda.

*

Kaduna,
5 ga Mayu, 1977.

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Mutum biyu ne za su zo. Na farko Malam Kalilu, ya yi shekara biyar yana karatu a Ingila, takardunsa ba abin cewa. Na biyu wani Lado ne, mutumin Mashi, bara ya gama jami'a. An sa shi ne domin ƙa'ida ba ta yarda a gana da mutum ɗaya tilo ba. Ban ce ki zaɓi kowa ba, amma na san kin gane.

Game da Baba, shawarata a kawo shi nan a sa masa robar abinci ta hanci. Tarurruka sun riƙe ni, ba zan samu zuwa ba sai ƙarshen wata.

Don Allah Yaya ki rage faɗa a takarda, akawuna ne ke buɗe su.

Ƙanenki mai biyayya,
Sada.

*

Daura,
10 ga Mayu, 1977.

Sada,

Ina gaishe ka, ina gaida akawunka tunda shi ma yana karantawa. Ya gyara zama.

Jiya mun yi intabiyu, ni da Likita da sakataren asibiti. Kalilunka ya shigo da kwat da laktaye a wuya cikin wannan zafin, ya yi ta zuba Turanci kamar rediyo. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, ya san littafi, duk abin da Likita ya tambaya ya amsa. Lado kuwa tun daga ƙofa ya fara gumi. Ana tambayarsa yana kallon ƙafarsa, kalma ɗaya sai ya yi mata sawu uku. Maki uku cikin goma na ba shi, shi ma don tausayi.

Da aka ce an gama, na ce ban gama ba, a zo a ga majinyaci. Na kai su gado na huɗu, ban gaya musu ko wane ne ba.

Kalilu ya tsaya a kan Baba ya fito da wasu katuna masu zanen tawada yana nuna masa. Baba ya rufe ido. Sai ya ce mana baƙin ciki ne mai tsanani, wanda kan biyo bayan irin wannan ciwo, ya ambaci ƙwayoyin da za a ba shi. Na ce, “Ta wane baki?” Bai ji daɗi ba.

Lado ya fara tsayawa wajen ɗalibai ya tambaye su wane ne wannan. Sannan ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, ya jiki?” Ya sa hannu biyu ya ɗauko hannun daman nan da ya mutu ya gaisa da shi. Sada, tun da Baba ya kwanta ba wanda ya taɓa wannan hannun sai mai neman jijiya. Baba ya buɗe ido ya dube shi.

Lado ya waiwayo ya ce, “Sista, a wane hannu ake ba shi ludayin?”

Na ce, “Wanda ke motsi mana! A wanne za a ba shi?”

Ya roƙi ɗalibai su fita, ya ja labule, ya ce a ba shi bandeji. Ya ɗaure ludayin a tafin hannun dama, ya kamo hagun ya sa ta ƙarƙashin gwiwar hannun, ya ce, “Malam, dama ce za ta ba ka. Hagu rakiya kawai za ta yi mata.” In'inar nan duk ta tafi. Ludayi na farko ya zube a riga. Na biyu ma haka. Na uku ya kai baki. Ludayi goma sha ɗaya Baba ya sha, ina tsaye ina ƙirgawa kamar wawuya.

A waje Lado ya ce mini, “Mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa yara ci da dama ba zai ci da hagu suna kallo ba. Ba zai kuma yarda a ɗura masa kamar jinjiri ba. Ga shi ba bakin da zai faɗa.”

Kai ba za ka tuna ba, kana goye a lokacin, amma ni bahaguwa aka haife ni. Wata guda Baba yana ɗaure mini hagu a baya da gefen rawaninsa duk lokacin cin abinci, ina kuka, har na koyi ci da dama. Ni ɗin ce na yi kwana goma sha biyar ina cusa masa ludayi a hagu, ina masa faɗa. Na shiga ɗakin magani na yi kuka na ƙoshi.

Ga inda matsalar take. Likita da sakatare sun ce zagayen ɗaki ba ya cikin fom, Kalilu ne ke kan gaba. Lado ya koma Mashi. Yau da safe na zo ɗaure wa Baba ludayin da kaina, muka haɗa ido, ya juya bango. Ina jin shi ma ya tuna. Nas Hamma ya gwada, ya matse hannun kamar mai ɗaure akuya, Baba ya ƙi. Mun koma inda muke.

Takardun suna zuwa teburinka. Ka duba su da kyau.

Maijidda.

*

Kaduna,
12 ga Mayu, 1977.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, da kaina na buɗe ta. Tun jiya ba abin da na iya taɓawa a ofis.

Amma ki duba halin da nake ciki. Mutum biyu cikin uku sun zaɓi Kalilu. In na soke, za a ce na ɗauki ma'aikaci ne don ya yi jinyar mahaifina, kuma ba za a yi ƙarya ba. Ki ba ni lokaci in yi tunani.

Baba ya sha wani abu yau?

Sada.

*

Daura,
16 ga Mayu, 1977.

Sada,

Gaisuwa. Kai kana da lokacin tunani, jijiyar Baba ba ta da shi. Na aika Mashi, ban nemi izinin kowa ba. Kwana huɗu ke nan Lado yana zuwa a babur ɗin yayansa kullum da safe, ba takardar ɗauka, ba alkawari. Jiya an cire wa Baba ƙarin ruwa. Yau ya ci tuwo mai laushi.

Ka ce za a ce don mahaifinka ne. To, a ɗakin nan mutum bakwai ne damansu ta shanye. Huɗu muna rubuta musu “ba ya son abinci” tun da aka kwantar da su, har da wani mai shanu daga Baure da ya rame kamar kara. Dukansu yanzu suna ci. Ka gaya wa masu magana su zo su ƙirga. Amma Lado ya samu aikin koyarwa a wani gari, ranar Litinin mai zuwa zai tafi in bai ji daga gare ku ba.

Ɗazu ya ɗaura wa Baba alƙalami maimakon ludayi. Ga abin da ya rubuta nan a ƙasa. Ya karkace, ya yi rawa, amma alif ne, kuma da dama aka yi shi.

Yayarka.

*

Kaduna,
18 ga Mayu, 1977.

Yaya Maijidda,

Na ga alif ɗin. Da wannan hannun ya riƙe nawa ranar da na fara rubuta shi a allo.

Takardar ɗaukar Lado aiki tana aljihuna, ni zan kawo ta ranar Juma'a. Masu magana su yi. Ki ce masa kada ya koma Mashi da wuri ranar, ina so ya nuna mini yadda ake ɗaure ludayin.

Ki gaida Baba.

Ƙanenki,
Sada.