Sunayen da Na Rubuta a Kan Takardunki

Fegge, Onitsha
Ranar Juma'a

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma karatun digirin naki yana tafiya daidai. Allah ya ƙara wa Yaya, mahaifinki, lafiya, ya sassauta masa ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat, har kwatar bakin titinmu ta cika ta tumbatsa.

Kin riga kin ji a waya cewa Ma'u ta sauka ranar Talata, namiji, amma bari in sake faɗa a rubuce don daɗin abin. Shekara tara muna jiran wannan yaro. Da aka miƙo mini shi sai ya damƙe yatsana ya ƙi saki, uwargidana Kulu ta ce in ba ta angonta tun ban koya masa rowar 'yan albasa ba. Na ce ai ni abokin ciniki na samu, bana ba zan ɗauki yaron shago ba. Mijin Ma'u, Saifullahi, ya yi masa huɗuba da sunana, Ma'u kuwa tun yanzu Abba take ce masa don kunya. Kwana uku ke nan ina zuwa kasuwar Head Bridge ina raba wa mutane goro, har waɗanda ba mu gaisawa. Suna ranar Talata mai zuwa.

Sau biyu na kira ki don in gaya miki wata magana, sau biyun ina ƙarewa da labarin jariri. Shi ya sa na ɗauki biro. Maganar takardun bincikenki ce, waɗanda kika aiko in taya ki cikewa da ƙananan ma'aikatan gwamnati 'yan arewa, a ji yadda suke samun hutu da magani da yadda manyansu ke riƙe su. Na samo miki mutum shida a ofishin da Saifullahi yake tuƙi, har da shi, duk 'yan wucin gadi, direbobi da masu gadi. Na zaunar da kowa shi kaɗai a zaurena, na karanta masa tambayoyin da Hausa, na faɗa masa abin da kika ce, cewa ba wanda zai san mai magana. A kan wannan alkawari suka saki baki. Saifullahi ya fi kowa. Ya faɗi yadda ya nemi kwana ɗaya ya kai Ma'u awo aka hana shi, da yadda ake sa shi kai iyalin ogansu Enugu a ranar hutunsa, da motar da birkinta ya mutu tun azumi ana cewa ya lallaɓa.

Firdausi, kin gaya mini kada a sa suna, kuma na ji ki sarai. Amma kin san ni sai da na shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin yamma na manya, kuma malaminmu ba ya karɓar takardar da babu suna da kwanan wata a samanta. Mayar maka da ita yake yi a gaban kowa. Abin ya zauna mini a hannu. Da na zo kwafe amsoshin da rubutu mai kyau, sai na ga saman kowace takarda fayau, na tuna mutanen nan sun shekara goma ana kiransu direba, ko mai gadi, ko aboki. Na ce a raina, bari dai jami'a ta san sunayensu. Na rubuta na kowa cikakke, da na mahaifinsa, na jera su bi da bi daga A zuwa ƙasa kamar yadda aka koya mana.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ni ɗan kasuwa ne, na saba kayan da takardarsu ba hatimi ba sa wuce shinge. Tun da daga ofishin nan kika samo izinin binciken, sai na ga ya dace su buga hatiminsu kafin in kai tasha. Na sa babbar riga, na hau okada, na miƙa ambulan ɗin ga wata Madam Edith da ke zaune a ƙofar ogan. Ta buɗe, ta duba ta farko, ta ɗago ta dube ni. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata nan aka ce in kawo. Na ce na tabbata. Yanzu na gane hanya take ba ni in karɓe abina, ni kuwa na ɗauka raini ne don ta ga tsoho. Kafin ta sake magana ogan ya fito, ya karɓa, ya yaba rubutuna, ya ce in dawo Alhamis. Alhamis uku ke nan ana cewa yana dubawa.

Litinin ɗin makon jiya aka kira Abdulbasit direba. Ba a yi masa faɗa ba, an ba shi kujera ma. An karɓi makullin mota da katin aikinsa, aka ce ya je gida ya huta sai an neme shi. Na ce ƙila wani laifin ne daban. Ranar Alhamis aka kira Haidar, aka yi masa haka. Wannan Litinin Jeffrey. Jiya kuma Mark, maƙwabcina mutumin Kafanchan, wanda ya shekara goma sha bakwai yana buɗe musu ƙofa. Shi ya zo ya same ni a rumfa, ya ce abin da ya ba shi tsoro shi ne ogan ya maimaita masa maganarsa kalma da kalma, har inda ya ce sauro ya fi hukuma sanin masu gadi. Ya ce ya je wurin ƙungiyar ƙwadago, suka ce masa ɗan wucin gadi ba ya cikin rajistarsu, amma za su duba. Yana magana ina lissafa jerin a zuciya, don hannuna ne ya jera shi. Bayan Mark sai Saifullahi. Litinin ke nan, jajibirin suna.

Yau bayan masallaci na riƙe Saifullahi a zaure na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce idan yana so ya canja wa yaron suna kafin Talata, ba zan ga laifinsa ba. Sannan ya tambaye ni ko na ƙara wani abu a kan abin da ya faɗa. Na ce ko wasali ɗaya. Sai ya ce, "To Baba, ai gaskiya ce aka karanta. Kada dai Ma'u ta ji sai an yi suna." Game da sunan yaron bai ce komai ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ya tashi ya shiga ciki, na ji yana tambayar Kulu ko a goge masa farar rigarsa ta aiki.

Ga abin da nake roƙo. Ki nuna wa malaminki wannan wasiƙa yadda take, kada ki ɓoye wautata. Ku rubuto wa ofishin nan daga jami'a, a kan takarda mai tambari, cewa an yi wa mutanen nan alkawarin sirri da izinin ofishin kansa, kuma ba su suka sa sunayensu ba. Irin wannan takarda suke jin tsoro, ba tsoho mai albasa ba. Zan ba direban motar Zariya wannan wasiƙa a tashar Upper Iweka gobe da safe, kuma Mark, wanda shi ma na gaya wa gaskiya, zai ɗauki hotonta ya turo miki ta waya don kada a jira hanya. Ranar Litinin, ko amsarku ta iso ko ba ta iso ba, zan riga Saifullahi isa ƙofar ogan in zauna a bencin Madam Edith. Gobe kuma zan bi sauran huɗun gida gida, don har yanzu suna zargin junansu, Haidar ma ya daina gaisa da Jeffrey.

Ki gai da Yaya, ki ce masa ya yi jika, sauran bayanin ni zan yi masa da bakina. Ki gai da Hajiya Safiyatu da Munira da maigidanki. Kulu tana gaishe ku, Ma'u ta ce kada ki zo suna hannu rabbana. Ku sa mu a addu'a daga yanzu zuwa Litinin.

Ga sunan da ya kamata a ce shi kaɗai na rubuta tun farko.

Baffanki,
Zubairu Indabawa