Jar Lamba a Bangon Baba

Kaura Namoda,
8 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mardiyya da yara. Yaya Zariya, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Tunda aka ɗauke mana sabis ɗin waya an mai da mu kan biro da takarda, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Liman direba zai kawo maka wannan.

Ruwan ƙarshen Agusta ya yi ɓarna a garin ga. Gidajen ƙasa sun zube ba adadi, ga kuma mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da suka gudo sun cika ko'ina. Ɗakin haya yanzu ko na ajiye gawayi ba ka samu. Gidan Baba bai faɗi ba, amma bangon zaure ya tsage tun daga sama har gindi, hannuna na shiga ciki. Ka san shi ne bangon bayan shagon Theresa, Maman Queen, wadda ta ɗinka wa Mardiyya kayan aure. Shekara goma sha biyu ke nan tana ɗinki a wurin.

Armiya'u magini ya duba, ya ce gindin ya sha ruwa, babu gyara sai a sauke shi a sake ɗorawa. Maƙwabta suka sa gayya ranar Asabar. Aka kwaɓa ƙasa, ni kuma na jiƙa geron fura.

Ana gobe gayya sai ga 'yan kwamitin tallafi da motarsu da gwangwanin jan fenti. Wai gwamnati za ta ba masu gidaje siminti da kwanon rufi, masu ƙananan sana'o'i kuma kayan aiki. Wani yaro-yaro cikinsu ya zana lamba 214 a tsakiyar bangon, ɓaro-ɓaro. Suka kafa sharaɗi biyu. Kada a taɓa bango sai masu tantancewa sun zo sun ɗauki hotonsa da lambarsa. Mai shago kuma dole a iske shi cikin shagonsa yana aiki. Na tura a tambaye su ranar zuwan, suka ce nan ba da jimawa ba.

Hafizu, da safe mutum sha wani abu suka zo da diga da shebur, Baba ya fita ya yi musu godiya ya sallame su. Furata na rarraba wa maƙwabta, ƙasar da aka kwaɓa tana nan tana bushewa a ƙofar gida. Wallahi takaici ya hana ni cin abinci ranar. Wane irin taimako ne wanda zai hana mutum taimakon kansa?

Ka rubuto wa Baba, ka san ya fi jin maganarka. Ka gaida Mardiyya, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Asiya.

19 ga Satumba.

Hafizu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, zazzaɓin ƙaraminku kuma ya sauka. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu ko zan ga inda ka ce wani abu. Wai in yi haƙuri, Baba ya fi mu sanin gidansa. Sannu malam mai nasiha! Kana kwance cikin ginin siminti a Zariya, ai dole haƙuri ya yi maka sauƙi.

Bari in ba ka labarin garinku. An baza cewa wanda ɓarnarsa ta fi girma shi za a fara ba. To yanzu akwai magidanta, masu gemu, da ke ɗaukar buta suna ɗura ruwa cikin tsagar bangonsu don ta ƙara buɗewa. Da idona na ga maƙwabcinmu na gabas yana yi, ya gan ni bai ko ji kunya ba. A bakin titi kuma akwai gidan bene, fentinsa ko ƙwarzane babu, shi ma da jar lambarsa. Tir! Mutanen da bara ke rige-rigen zuwa gayya, bana kowa na gadin kangonsa.

Baba bai kai ga buta ba, Allah ya tsare. Amma ya tokare bangon da azara biyu, kuma kullum in ya dawo masallaci da safe sai ya tsaya ya duba ko ruwa ya wanke fentin. Ledar da na kawo don a rufa saman ɗakin Inna da ke yoyo, ya kafa ta bisa lambar. Inna na tara ruwa da kwanoni, lamba na cikin inuwa. Na yi magana, ya ce ni mace ce, ban san yadda ake hulɗa da hukuma ba. Na san abin da ke cin sa. Damina biyu ke nan bai taka gonarsa ta Sakajiki ba saboda 'yan bindiga, rumbu wayam, kuma yana so kafin ya mutu ya bar mana bango ɗaya na siminti. Na ji tausayinsa, amma tausayin bai rage tsagar ba.

Wadda ke hana ni sukuni Maman Queen ce. Tun safe har magariba tana ƙarƙashin bangon tana taka keken ɗinki, tana kaɗe ƙasar da ke zubowa bisa atamfar mutane. Na ce ta kawo keken zauren gidana, maigidana ya yarda. Ta ce in suka zo ba su iske ta ba fa? Kekenta ya tsufa, sabo take hange. Ko coci ran Lahadi, taron farko take zuwa ta dawo da gudu.

Na je ofishin kwamitin da kaina. Wanda na iske yana ɓarar gyaɗa, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce motarsu ba mai, kuma in na matsu in rushe, sai a ba wani gurbin. Na juyo na dawo gida.

Hadari na haɗuwa kusan kullum. Ka yi mana addu'a, tunda ita kaɗai za ka iya aikowa. Inna na gaishe ka.

Yayarka,
Asiya.

27 ga Satumba.

Ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Baba da Inna lafiyarsu ƙalau, na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Bangon ya faɗi ranar Alhamis bayan azahar. Ruwan ma ba wani mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne da ya ƙi ɗaukewa. Ina tsakar gida ina taya Inna tsintar wake muka ji rugugi, ƙura ta turnuƙe. Maman Queen na ciki. Allah ya sa ta duƙa ɗauko zare, teburin yanka ya kare mata kai. Amma ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu, wadda take taka keke da ita. Keken kuwa ya lotse, ko mai gwangwan sai ya yi tunani kafin ya ɗauka.

Mutanen da Baba ya sallama ranar gayya su suka tono ta, da shebur ɗin da suka koma da shi gida wancan karon. Ba zan ci haƙƙin Baba ba, shi ya fara isa, da hannu yake tono har yatsunsa suka fashe. Aka sa ta a keke napep, na bi su asibiti. Tana dawowa hayyacinta, abin da ta fara tambayata shi ne ko masu tantancewa sun zo tana nan kwance. Na fita baranda na yi kuka.

Da la'asar na koma gida. Hafizu, abin da na iske ba zai bar idona ba. Baba durƙushe cikin ɓaraguzai, da yatsu ɗaure da tsumma, yana tsintar ɓallin ƙasar da ke da jan fenti yana jerawa bisa tabarma, yana juya su yana gwada wanne ke bin wanne. Takalmin Maman Queen ƙafa ɗaya na gefensa cikin laka. Ubanmu, wanda ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya, dubi abin da suka mai da shi. Na juya na fita, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗiya ba ne.

Kuma kada ka ga ina ta Allah wadai da mutane, ni ma ina ƙyamar kaina. Sati uku ina surutu, ina rubuta maka takarda, ina zuwa ofis. Bakina ya yi aiki, hannuna bai yi komai ba. Na san bangon zai faɗi, Armiya'u ya sani, duk unguwa ta sani, muka bar baiwar Allah zaune ƙarƙashinsa don kada a ce mun yi wa dattijo rashin kunya.

In kana da hali ka rubuto wa mijinta John 'yar gaisuwa, mutanen kirki ne, ko kallon banza bai yi mana ba. Ka gaida Mardiyya.

Yayarka,
Asiya.

9 ga Oktoba.

Zuwa ga Hafizu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mardiyya da yara. Na ga saƙonka ga John, ya gode. An sallami Maman Queen, tana gida da ƙafa cikin filasta. Likita ya ce za ta taka ƙasa, amma taka keke sai abin da Allah ya yi.

Masu tantancewa sun zo ranar Talata, su huɗu da na'urar hoto. Baba ya fito musu da tabarmarsa. Suka duba, ɗaya ya juya baya yana ƙunshe dariya. Suka ce dokarsu lamba a jikin bango ce, wannan kuwa ƙasa ce. Sunan Maman Queen suka ja masa layi, wai ba a iske ta cikin shago tana aiki ba. Shagon da suke tsaye bisa ɓaraguzansa! Aka faɗa musu abin da ya faru, suka ce Allah ya ba ta lafiya.

Sai babbansu ya ce zai yi wa Baba alfarma saboda furfurarsa. Ka san faɗuwar zaure ta ja bangon ɗakin Inna, shi ma ya tsage ya karkato ciki. Nan suka zana sabuwar lamba, suka ce ya shiga zagaye na biyu, kada a taɓa sai an dawo tantancewa. Baba ya yi ta sa musu albarka, ya raka su har mota.

Na je wurin Armiya'u. Ya ce bangon ba zai kai ƙarshen ruwan bana ba, amma shi ba ya sa diga a gidan mutum ba da izininsa ba. Na roƙi Inna ta koma gidana, ta ce shekara arba'in ba ta taɓa kwana wani wuri ta bar Baba ba.

To jiya Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na kira matan maƙwabta uku. Muka fitar da gado da akwatuna da kwanonin jere. Ina tsammanin Inna za ta hana. Sai ta shiga madafa ta fito da taɓaryarta ta miƙo mini. Muka tsaya ta waje, muka kafa taɓare a bangon.

Hafizu, sau biyu muka tura. Mata huɗu, ɗaya ma da goyo. Ya tafi gaba ɗaya da rabin rufin, ya zube daidai inda kan gadonta yake. Na zauna a ƙasa.

Baba ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi ɓaraguzan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya ga ranar da ɗiyar cikinsa ta rushe masa gida, kuma kada in sake taka ƙofarsa. Na durƙusa na ce na ji. Na ɗauki mayafina na fito, har na kai gida ban daina kuka ba. Inna ta koma ɗakinka na samartaka, Armiya'u ya ce lafiyayye ne.

Kada ka zo ba shi haƙuri a madadina, ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yi ba. In za ka zo, ka zo da tsofaffin kaya, akwai kwaɓar ƙasa. Maƙwabta sun ce za su sake fitowa in ɗan gida ya kira su, ni kuwa yanzu ba 'yar gida ba ce. Zan dama furar a nan in aiko, kada ka faɗa masa daga inda ta fito, don ba zai sha ba.

Ka gaida Mardiyya da yara. In ka iso ka duba mini yatsunsa, ɗaya ya fara ruwa kuma ba ya bari a wanke.

Yayarka mai ƙaunarka,
Asiya Ladan.