Zakin da Ban Ƙarasa Ba

Zuwa ga taubashina kuma bawana Sale, can Ikko.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙahwar gwaggona Hajiya? Mu nan Sheme kowa lahiya lau, in ka cire ni ubangidanka.

Ka dai san duk ƙasar Faskari babu mai zanen mota kamata. To ciwon gajiyar nan ya ƙi sakina. Likita ya duba ya ce bai ga komi ba, mutane na cewa lalaci ne. In na yi aikin hantsi guda, sai in yi kwana da kwanaki kwance, ko buroshi ba ni iya ɗagawa.

Wani Alhaji na Mairuwa ya kawo sabuwar babbar mota in yi mashi zaki a bodi. Sale, na zana kan zakin da geza, har awaki suka daina bi ta wurin! Na sa sunana a ƙasa, sai jiki ya ƙi. Alhaji ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce, "Malam Ɗanjuma, hatsi na jira na." Ya kai ta Funtuwa wani ya ƙarasa.

Jiya motar ta wuce. Zanen nan gaba zaki, baya tunkiya, ga sunana a ƙasa. 'Yan tasha na ta dariya, ni ma na taya su. Da na shiga ɗaki sai hawaye.

Sabbin motoci sai shigowa suke, ni ina bisa tabarma. Ka gaida maiɗakinka Ladi da yara. Ka ce ma Hajiya ta roƙa mani Allah ƙarhin gama zaki guda da hannuna, har wutsiya.

Naka,
Ɗanjuma