Dankalin Alhaji Mamman

Alhamis da dare, Nuwamba 2013

Yau Alhaji Mamman ya shigo mashayar da nake aiki a Belleville, a birnin Paris. Shi ɗin dai, mai yawo da ni a unguwarmu ta Montreuil wai abincina haram ne tunda giya nake haɗa wa Turawa.

Da ya gan ni sai ya gyara hula. "Ɗana, shochu ɗin nan na Japan, da me ake yin shi?"

Na ce, "Da dankali, Alhaji. Amma giya ce."

"Dankali ai abinci ne. Zuba mini zoɓo da ƙanƙara a kai."

Ya yi bisimilla, ya shanye, ya nemi ƙari. Tir!

Gobe a masallaci, gaban kowa, zan durƙusa in gaishe shi: "Alhaji, yaya aka kwana da dankali?"