Gado na Tara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan yara suna lafiya. Shekara uku ba kya ɗaga wayata, shi ya sa na ba mai gadin asibitinku wannan takarda.

Tela, wanda muke zaune tare shekara bakwai, yana kwance a sashen masu annoba, inda kike aikin jinya. Kin san matsayinsa a wurina, a kansa kuka yafe ni. Sau huɗu ina zuwa ƙofa. Mai rajista ta ce, “Kai wane ne nasa?” Na ce aboki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce dangi kawai ake ba labari, kuma irinmu ne muka jawo wa duniya wannan bala'i. Danginsa kuwa sun daɗe da cire shi a lissafi.

Yaya, kaina ba daidai yake ba. Abinci ba ya shiga, ina wuni gaban kekensa na ɗinki ina magana ni kaɗai. Na kira layin masu ba da shawara, ina faɗin gaskiya mutumin ya ce in je in tuba, ya kashe waya. Tsoro nake ji. Ki gaya mini ko yana numfashi.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Kai dai ka iya ɗaure mutum da jijiyarsa! Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi, amma ban taɓa juya wa marar lafiya baya ba.

Yana gado na tara, an sa masa iskar taimaka wa numfashi. Da ya ga idona a saman takunkumi ya ce, “Ke ce yayarsa.” Bakin nan nasa bai mutu ba, wai in gaya maka kada ka taɓa masa almakashi, kai da ko zare ba ka iya yankewa daidai ba. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Ka ci abinci, don Allah.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Na ci. Kwana biyar ke nan shiru, kullum ina ƙofa. Ko mene ne, ki faɗa mini.

Auta

Auta,

Sai haƙuri. Tela ya rasu jiya da la'asar, hannunsa cikin nawa. Kwana uku ba ya gane kowa, ni kuma na kasa ɗaukar biro.

Na san ba wanda zai zo maka gaisuwa. Ni zan zo gobe in na tashi aiki. Saboda annobar nan ba halin in shiga, ka buɗe taga, zan zauna daga waje har kwana uku su cika.

Allah ya ji ƙansa, ya ba ka dangana, ƙanina.

Yayarka